Yadda ake gina banɗakin da kowa zai shiga hankali kwance

A watan Afrilun 2017 an yi ta ce-ce-ku-ce a Landan kan banɗakunan cibiyar Barbican, wadda ke da sinima da zauren kiɗe-kiɗe. Masu kula da wurin sun cire allunan "maza" da "mata" na banɗakunan da ke kusa da sinimar, suka liƙa sababbi: ɗaya na kowa da kowa mai wuraren fitsarin tsaye, ɗaya na kowa da kowa mai ƙananan ɗakuna. Ko bulo ɗaya ba a ɗaga ba. Abin da ya biyo baya bai ba duk wanda ya san harkar mamaki ba. Maza suka samu wuri biyu, tunda duk inda suka ga dama za su shiga. Mata kuwa babu wadda za ta so ta ratsa ta bayan maza suna tsaye suna fitsari, don haka suka ci gaba da tururuwa a tsohon wurinsu, ga kuma maza sun shigo sun ƙara wa layin tsawo. Niyyar masu wurin ba ta da laifi. Sun so mutanen da suka sauya jinsi, da waɗanda ba sa ɗaukar kansu maza ko mata, su samu inda za su kewaya ba tare da an tsare su da ido ba. Kuskurensu shi ne sun ɗauka aikin na mai rubuta allo ne, alhali na magini ne da kafinta da mai haɗa famfo.

Buƙatar kuwa ta gaske ce, kuma an auna ta. A wani babban bincike da aka yi a Amurka a 2015, wanda mutum 27,715 da suka sauya jinsi suka amsa tambayoyinsa, kashi 59 cikin 100 sun ce a cikin shekarar da ta gabata sun ƙi shiga banɗakin jama'a don gudun fitina. Kashi 32 sun rage ci da sha don kada fitsari ko bayan gida ya kama su a waje. Kashi 12 an zage su ko an ci musu fuska a banɗaki, kashi 8 kuma sun kamu da ciwon mafitsara ko na ƙoda saboda riƙe fitsari. Ma'aikacin da ya wuni bai sha ruwa ba, da ɗalibar da ke matse fitsari tun safe har a tashi, lafiyarsu ce ke biyan kuɗin ginin da ba a yi tunaninsu a cikinsa ba.

Ba su kaɗai ne tsarin ƙofa biyu ke takurawa ba. Akwai uban da ya fito da 'yarsa mai shekara biyar, da matar da ke tura mijinta a keke bayan shanyewar ɓarin jiki, da ɗan da ke jinyar mahaifiyarsa mai mantuwar tsufa. Kowannensu yana isa bakin ƙofofin nan biyu ya tsaya turus. Akwai kuma matan da ake tarewa a banɗakin mata don kawai dogaye ne, ko muryarsu ta yi kauri, ko maganin kansa ya zubar musu da gashi. Ɗakin da aka gina da kyau yana share wa duk waɗannan hawaye a lokaci guda.

Irin ginin da ake magana a kai

Iri biyu ne. Na farko ɗaki ne guda mai cin kansa: masai, wurin wanke hannu, madubi da abin busar da hannu duk a ciki, ƙofa mai sakata tana buɗewa kai tsaye zuwa baranda. Na biyu jerin ƙananan ɗakuna ne rufaffu ruf, kowanne da masai, sannan wurin wanke hannu na haɗaka a fili. Na farko ya fi sauƙi, ya fi samun karɓuwa, kuma duk ginin da yake da banɗakin mutum ɗaya da aka rubuta wa "maza" ko "mata" ya riga ya mallake shi, allon kawai zai sauya. A nan kaɗai ne sauya allo ya wadatar. Na biyu shi ne mai aiki, kuma a kansa ake yawan yin ɓaranɓarama.

A fara da bango. Ƙananan ɗakunan da aka saba gani, musamman a Amurka, katangarsu tana farawa ne kimanin santimita 30 daga ƙasa, ta tsaya ƙasa da mita biyu, sannan a gefen ƙofa akwai tsagar da ido ke iya leƙawa. An yi su haka don sauƙin goge daɓe da arhar kaya. Irin wannan bai dace da banɗakin haɗaka ba ko kaɗan. Bango ya tashi daga daɓe ya kai silin. Wasu masu zane suna barin tazara a sama don iska da hasken fitila su ratsa, kuma gaskiya hakan yana rage kuɗi, amma duk tazarar da hannu zai iya miƙa waya ta cikinta ta rushe amfanin aikin. A yau tsoron leƙe bai kai tsoron kyamarar waya ba, kuma mata suna da gaskiya da suke kawo wannan ƙorafin.

Ita ma ƙofa cikakkiya za ta zama, kamar ta ɗaki. A jikin firam ɗinta a yi lanƙwasa ko a buga siririn katako ko ƙarfe da ƙofar za ta kwanta a kansa, ta ɓangaren sakata da ta ɓangaren da take maƙale, yadda babu tsagar da haske zai ratsa. A ƙasanta kuwa dole a bar santimita 1 zuwa 2. Kafinta mai son burgewa zai so ya toshe wannan ma, kada a bari. Ta nan ne iska ke shiga ta maye gurbin wadda fanka ke zuƙewa. In aka toshe, fankar za ta yi ta ƙara a banza, wari ya zauna, ƙofar kuma ta riƙa yin nauyi wajen buɗewa.

Sakata ƙaramar aba ce, amma a kanta hankalin mai shiga yake. Ana son wadda mutum zai iya turawa da dunƙulen hannu, ba sai ya matsa da yatsu ko ya murɗa ba, saboda tsofaffi masu ciwon gaɓoɓi da masu hannu ɗaya. Ana son ta nuna daga waje ko akwai mutum a ciki, domin a ɗakin da ba a ganin ƙafar kowa ta ƙarƙashin ƙofa, in babu alama sai jama'a su riƙa ƙwanƙwasawa da girgiza mariƙi, wanda ke ciki kuma ya kasa sakewa. Alamar ja da kore kaɗai ba ta isa ba, tunda maza da yawa ba sa bambance waɗannan launuka biyu. Ja da fari ya fi, ko a haɗa da rubutu. Sannan dole a iya buɗe ta daga waje da wani ɗan makulli ko tsabar kuɗi idan ta ɓaci. Mutane suna suma a banɗaki fiye da yadda ake zato: mai ciwon suga, mai farfaɗiya, mai ciki, tsohon da jiri ya ɗauka bayan ya miƙe. Wanda ya faɗi a ƙaramin ɗaki, jikin ƙofa yake faɗawa. In ƙofar ciki take buɗewa, jikinsa ya tokare ta ke nan. Saboda haka ko dai ta buɗe waje, ko a sa mata irin maƙalin da ake iya ɗaga ƙofar a cire ta gaba ɗaya, ko wanda ke barin a juya ta waje lokacin gaggawa. In za ta buɗe waje, a faɗaɗa hanyar gabanta don kada ta bugi mai wucewa.

Abubuwan da rufe ɗaki ruf ke jawowa

Nan ne gizo ke saƙa, domin da zarar bango ya kai silin, kowane ƙaramin ɗaki ya zama ɗaki mai zaman kansa, kuma duk abin da a da ake rabawa yanzu sai an ba kowanne nasa. Mafi yawan ƙarin kuɗin aikin a nan yake tafiya, kuma wanda bai sa shi a lissafi tun farko ba zai tsaya a rabin hanya.

Kowane ɗaki yana buƙatar bakin bututun zuƙe iska nasa. Ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin iska ta Amurka, ASHRAE 62.1, ya ba da lita 25 zuwa 35 a sakan ɗaya ga kowane masai a banɗakin jama'a. Ga ɗakin mutum ɗaya kuwa lita 12.5 idan fankar ba ta tsayawa, ko lita 25 idan tana tashi tana mutuwa. Ƙa'idar gini ta Ingila ta tsaya a lita 6 ga kowane masai, amma wannan mafi ƙaranci ne, kuma a ɗakin da mutum ke fita wani na shiga bai cika kore wari a kan lokaci ba. In fankar tana tashi ne tare da fitila, a saita ta ta ci gaba da aiki kamar minti 15 bayan an kashe. Bakin bututun ya zama a sama ta bayan masai, nesa da ƙofa, don iska ta ratsa ɗakin gaba ɗaya kafin ta fita.

Kowane ɗaki da fitilarsa. Kuskuren da ake maimaitawa shi ne a sa na'urar jin motsi guda ɗaya a wurin wanke hannu ta riƙa kunna duka fitilun. Na'urar ba ta gani ta cikin bango, sai mutum yana zaune a ciki duhu ya rufe shi. Ko an sa wa kowane ɗaki tasa, mai zaune ba ya motsi sosai, don haka a tsawaita lokacin kashewar zuwa minti 15 ko 20.

Sai maganar gobara. Kurma da ke cikin rufaffen ɗaki ba zai ji ƙararrawa ba, kuma ba zai ga walƙiyar fitilar gargaɗi da ke waje ba, don haka ana buƙatar fitilar a kowane ɗaki. A ginin da ke da bututun fesa ruwa na kashe wuta a silin, bangon da ya kai sama yana tare feshin, sau da yawa sai an ƙara wa kowane ɗaki bakin feshi nasa. A zauna da jami'in kashe gobara tun zane yana takarda, kafin a sayi ko ƙusa.

Rufaffen ɗaki yana da wata riba da ba a cika faɗa ba: yana tare sauti. Mutane da yawa, maza da mata, ba sa iya fitsari in sun san ana jin su. A Japan har kamfanin TOTO ya ƙera wata na'ura mai fitar da ƙarar zubar ruwa, saboda mata suna ta sakin ruwan masai don ɓoye sauti. Bangon bulo ko na allo mai ruɓi biyu da aka cusa wa auduga mai tare sauti, tare da ƙarar fanka a hankali, yana yin wannan aikin ba tare da ɓarnar ruwa ba.

A cikin ɗakin kuma, kowanne sai da kwandon shara mai murfi, ba tare da togiya ba. Mata masu al'ada suna buƙatarsa, haka mazan da aka haifa mata waɗanda har yanzu suke al'ada, haka dattawan da ke sa ƙunzugu bayan tiyatar mafitsara ko ta prostate, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A bar wa kwandon wuri tun a zane, in ba haka ba zai ƙare a manne da cinyar mai zama. A sa maratayi biyu a bango, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da ɗan kanta ƙarami kusa da masai saboda waɗanda aka yi wa tiyata aka maƙala musu jakar tara bayan gida a jikin cikinsu, waɗanda ke buƙatar inda za su ajiye kayan sauyawa.

Wurin wanke hannu a ciki ko a waje? Kowanne da ribarsa da asararsa. In yana ciki, macen da jini ya ɓata wa hannu ko tufa za ta wanke a asirce, mai lulluɓi za ta gyara a gaban madubi babu namiji a gefenta. Amma kowa zai daɗe a ɗakin, tunda wanke hannu da busarwa da duba madubi duk sun koma ciki, layi kuma ya ƙaru. A wurin da jama'a ke zuwa a tare, kamar filin wasa ko tashar jirgi, abin da ya fi shi ne a gauraya: akasarin ɗakunan masai kaɗai, wasu kaɗan da wurin wanke hannu a ciki, a kuma nuna su a jikin ƙofa. A ofis ko asibiti ko gidan abinci kuwa, a sa a ciki duka.

In akwai wurin wanke hannu na haɗaka, kada a sa masa ƙofar waje. A bar shi a buɗe ga baranda, mai haske, yadda mai wucewa zai ga fili amma ba zai ga cikin ɗakunan ba, in da hali kuma a yi masa mashiga biyu don kada ya zama lungun da za a rutsa mutum. Wannan ya fi muhimmanci a makarantu, inda ake yawan cin zali a filin da ke bayan ƙofar waje, wurin da malami ba ya gani. Kyamarar tsaro iyakarta baranda.

Lissafin yawa

Masu bincike biyu a Jami'ar Ghent ta Beljiyam sun yi lissafin layin banɗaki a 2017. Sun ɗauki fili iri ɗaya ga maza da mata: mata ɗakuna 10, maza wuraren tsaye 10 da ɗakuna 2, mace tana ɗaukar kimanin sakan 90, namiji sakan 60. A lokacin cunkoso, mace tana jiran fiye da minti 6, namiji sakan 11. Da suka haɗe filin ya zama na kowa, jiran mata ya sauko ƙasa da minti ɗaya da rabi, na maza ya hau zuwa kusan minti ɗaya. Dalilin a bayyane yake. Kamar layi ɗaya ne a banki da ke kaiwa ga duk ma'aikacin da ya samu sarari: babu ɗakin da zai zauna fayau a gefe guda alhali ana matse a ɗaya gefen.

Sai dai a lura, tsarin da ya fi ba da sakamako a lissafin nasu bai kawar da wuraren fitsarin tsaye ba. Suna cin fili kaɗan, suna sallamar mutane da sauri, suna kuma rage jiƙa mazaunin masai. Wanda ya tumɓuke su duka a wurin taro zai tura dukan maza cikin layin ɗakuna. Abin yi shi ne a ware musu ɗaki nasu mai ƙofa ko katangar da ta kare su sarai, a can ƙarshe ko a gefe, da allon da ya faɗi abin da ke ciki, yadda babu wanda zai bi ta gabansu kafin ya isa inda za shi.

Don sanin adadin ɗakuna, a yi lissafi da lokacin da ya fi cunkoso. Ɗakin da kowa ke ɗaukar sakan 90 a cikinsa yana sallamar mutum 40 a awa, wato mutum 10 a hutun minti 15. In zaure yana cin mutum 300 kuma ana sa ran kashi ɗaya cikin uku za su fito a hutun, ana buƙatar ɗakuna 10. Adadin da dokar ma'aikata ta gindaya ba na irin wannan cunkoso ba ne, domin an yi shi ne don wurin aiki inda mutane ke zuwa jefi-jefi. A Amurka, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta OSHA tana neman masai 1 ga ma'aikata 1 zuwa 15, 2 ga 16 zuwa 35, 3 ga 36 zuwa 55. A Birtaniya 1 ne ga mutum 1 zuwa 5, 2 ga 6 zuwa 25, 3 ga 26 zuwa 50.

Abin da nake ganin bai kamata a yi sassauci a kansa ba shi ne wannan: kada a samar da banɗakin kowa ta hanyar ƙwace na mata. Shi ne mafi sauƙin mayarwa tunda ɗakuna ne zalla, shi ya sa masu neman arha ke fara kai masa hannu, a bar wa maza nasu. Mata su ne dama ke da ƙarancin wuri. Kuma akwai matan da ba za su iya haɗa wurin wanke hannu da maza ba, wata saboda addininta, wata saboda an taɓa cin zarafinta. Binciken da cibiyar Williams ta Jami'ar Kalifoniya ta wallafa a 2018, wanda ya kwatanta garuruwan jihar Massachusetts da suka ba masu sauya jinsi damar shiga banɗakin da ya dace da su da garuruwan da ba su bayar ba, bai ga ƙaruwar laifuka a banɗakuna ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma alƙaluma ba sa cire wa mutum fargabar da ke ransa, kuma macen da ta daina shan ruwa don gudun banɗakin haɗaka ta faɗa cikin irin matsalar da aka fito magancewa. A Tokyo, dogon benen Kabukicho ya buɗe a Afrilun 2023 da banɗakin haɗaka, ƙorafi ya yi yawa, cikin kimanin wata huɗu aka raba shi da katanga. A ginin da ke da fili, a ƙara ɗakunan kowa a kan na maza da na mata.

Haka nan kada a ɗauki banɗakin masu keken guragu guda ɗaya tilo a liƙa masa sabon allo a ce an gama. Wanda ke kan keke ba shi da wani zaɓi, kuma da yawa daga masu amfani da shi ba sa iya riƙe fitsari. Ɗakin nasu yana da ma'auninsa: ƙa'idar Amurka tana neman filin juya keke mai faɗin santimita 152, ƙofa mai sararin santimita 81, mazauni mai tsayin santimita 43 zuwa 48, da ƙarafan riƙewa a tsayin santimita 84 zuwa 91. A Ingila mafi ƙarancin girmansa mita 1.5 ne da mita 2.2. Yana nan a matsayinsa, ɗakin kowa ƙari ne a kansa.

Inda aka ajiye ɗakin ma magana ce. A watan Yulin 2023 kotun ƙolin Japan ta yanke hukunci cewa ba daidai ba ne yadda aka tilasta wa wata ma'aikaciyar ma'aikatar tattalin arziki, wadda ta sauya jinsi, ta riƙa tafiya hawa biyu ko fiye daga ofishinta kafin ta kewaya. Ɗakin kowa ya kasance a jere da sauran banɗakuna, a kowane hawa in zai yiwu, kuma a buɗe. In sai an je wurin mai gadi an karɓi makulli, an tilasta wa mutum ya bayyana kansa ke nan duk lokacin da fitsari ya kama shi. Saboda wannan dalilin ne ma ban ga hikimar ware ɗaki a rubuta masa cewa na masu sauya jinsi ne kaɗai ba, ko da yake kotun ƙolin Indiya ta umarci a tanadar musu banɗakuna a hukuncinta na 2014 da ya amince da jinsi na uku. Ƙofar da ke shelanta ko wane ne mai shigarta tana iya jawo masa idon da yake gudu. Ɗakin da uba da 'yarsa da tsoho da kowa ke shiga shi ne ke rufa asiri.

Allon ya nuna abin da ke ciki: hoton masai, da na keke in ɗakin ya dace da shi, da na jariri in akwai teburin sauya ƙunzugu. Hoton mutum mai rabin wando rabin siket yana rikita jama'a, kuma da yawa daga waɗanda aka yi don su ba sa son sa. A sa rubutu mai tudu da rubutun makafi a bango ta gefen sakata, a tsayin santimita 122 zuwa 152, ba a jikin ƙofa ba, don kada a buɗe ta a fuskar mai shafawa.

Doka kuwa ta bambanta ƙwarai, kuma tana sauyawa, don haka a duba ta kafin a zana komai. Raba banɗaki da doka ya faro ne a jihar Massachusetts a 1887, lokacin da mata suka fara cika masana'antu. Kalifoniya ta wajabta tun 1 ga Maris 2017 cewa duk banɗakin mutum ɗaya ya zama na kowa, birnin New York ya yi haka a farkon shekarar, Illinois ta biyo baya a 2020. Kundin ƙa'idar aikin famfo da jihohin Amurka da dama ke bi ya halatta banɗakin haɗaka mai ɗakuna da yawa a bugunsa na 2021. A ɗaya ɓangaren, jihar North Carolina ta yi doka a 2016 da ta ɗaure mutane ga jinsin da ke takardar haihuwarsu a gine-ginen gwamnati, ta soke wannan sashen a 2017 bayan ƙauracewar da ta haɗa da ɗauke babban wasan ƙwallon kwando na NBA daga birnin Charlotte da ke jihar. Ingila kuma tun 1 ga Oktoban 2024 tana neman sababbin gine-ginen jama'a su tanadi na maza da na mata daban, a ƙara ɗakin kowa in akwai fili, kuma ɗakin ya zama rufaffe da wurin wanke hannu a ciki. A 16 ga Afrilun 2025 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke cewa jinsi a dokar daidaito ta 2010 yana nufin jinsin haihuwa. Abin lura a duk wannan ja-in-ja shi ne ɗakin mutum ɗaya mai sakata ya tsira a kowane ɓangare. Dokar North Carolina ma kan banɗaki mai cin mutane da yawa ta yi magana, kuma ƙa'idojin wurin aiki na Amurka da na Birtaniya duka sun ce ba sai an raba ba matuƙar ɗakin na mutum ɗaya ne mai kulluwa daga ciki. Mai ginin da ke tsoron kada doka ta juya masa gobe, nan ya fi dacewa ya zuba kuɗinsa.

Bayan gini sai riƙo. Ƙorafin da ya fi yawa a banɗakin haɗaka shi ne jiƙaƙƙen mazauni da daɓe. Rufaffun ɗakuna sun fi cin lokaci wajen sharewa, tunda ba a iya jan mofa ta ƙarƙashin katanga, don haka a ƙara wa masu shara lokaci ko hannu. Masai mai maƙalewa a bango yana sauƙaƙa goge ƙasa, tayil mara santsi da magudanar ruwa a daɓe suna taimakawa, sannan abin goge mazauni a kowane ɗaki yana rage rigima sosai. Masu gadi da masu shara kuma a koya musu ƙa'ida guda: abin da mutum ya aikata ake dubawa, kamar leƙe, ɗaukar hoto, bin wani, ko tsayawa ba dalili, kuma duk wanda ya yi haka a fitar da shi ko wane ne. Siffar mutum ko muryarsa ko tufarsa ba hujjar tare shi ba ce. In wani ya kawo ƙorafin cewa bai saki jiki da wanda ya gani ba, a saurare shi da mutunci a nuna masa ɗakin mutum ɗaya.

Kafin a karɓi aiki daga ɗan kwangila, a gwada kowane ɗaki ɗaya bayan ɗaya. A kunna fitilar ciki a kashe ta waje, a rufe ƙofa a zagaya: duk inda haske ya fito ban da ƙasan ƙofa, ido ko kyamara za su iya shiga ta nan. A riƙe fallen takardar banɗaki a bakin bututun iska, in bai manne ba fankar ba ta ja. A sa wani ya kulle kansa a ciki ya jingina da ƙofa, a ga ko ma'aikacin da ke bakin aiki zai iya buɗewa daga waje cikin minti ɗaya, kuma ya san inda makullin gaggawa yake. A zauna shiru minti goma a ga ko fitila za ta mutu. A kunna ƙararrawar gobara ana ciki. Sannan a gayyato mai keken guragu na gaske ya shiga ya juya ya rufe ƙofa da kansa, domin tef ɗin awo ba ya nuna cewa kwandon shara ya tare inda ƙafar keke za ta bi.